Faifan Mai Karatu

Na dawo gida a tsakiyar damina, da akwati ɗaya da takardar shaida daga ƙasar da ta rushe ina cikinta. Injinan tura ruwa na karanta a Mosko. A garinmu, kusa da birnin Kannur, ruwa ba ya bukatar mai tura shi, ta rufin ɗaki ma shigowa yake. Na kai takardata ofisoshi, aka juya ta gaba da baya, aka ce in jira. Na zauna jira.

Mahaifina, Ambu, shi ne mai karatu a rumfar bidi, 'yar tabar nan da ake naɗewa da ganye. Tun kafin a haife ni yake kan wannan kujera. Rumfar ta ƙungiyar ma'aikata ce, doguwa, maza da mata na zaune a ƙasa a jere, kowa da faifai a cinya: ganye, garin taba, zare, almakashi. Hannu na aiki, kunne na zaman banza. Da can Baba yakan karanta musu jarida da safe, har ƙungiya ta sayi rediyo. Abin da ya rage masa shi ne bayan abincin rana, lokacin littafin labari.

Yana karatu, faifansa na yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya jefa 'yan karare daga abin da ya naɗa. Kafin yamma ya cika, a kai wa mai karɓa da sunan Ambu. Babu kwamitin da ya zaɓe shi, babu kuma wanda zai sauke shi sai faifan. Ranar da ya dawo wayam, mai karatu ya san inda ƙofa take. Haka aka yi wa wanda Baba ya gada, wani mutum mai tsayawa a tsakiyar labari yana fitar wa mutane da darasi.

Ni ban taɓa jin karatunsa ba. Shi ya hana. Ina ƙarama, in ya hango ni a ƙofar rumfa, sai ya rufe littafi ya nuna mini hanyar gida da haɓa. Littattafan makaranta ne kaɗai nawa. Na labari, waɗanda yake arowa daga ɗakin karatu na gari, a saman kabad suke kwana.

"Wannan giya ce," in ji shi. "Ke akwai inda za ki."

Na kuwa je.

Wata Lahadi Kawu Purushu ya zo. Ƙanin marigayiya mahaifiyata ne, kuma sakataren ƙungiya. Ya jingina laimarsa, ya karɓi baƙin shayi, ya dube ni.

"Injiniya, har yanzu ba su kira ba?"

"Ba su kira ba, Kawu."

"Za su kira. Kafin nan, ni na kira."

Bai yi kwana-kwana ba. Bidi na mutuwa. Samari sun koma farin sigari, likitoci sun tsorata sauran. Ƙungiya za ta buɗe masana'antar madarar kwakwa da mangwaron kwalba a birni, amma ba za a ɗauki kowa ba sai mai takardar aji goma. Akwai jarrabawar manya da ake yi. Yawancin matan rumfa a aji biyar suka tsaya.

"Lokacin bayan abincin rana nake so," ya ce. "Ke za ki koyar."

Baba na bakin ƙofa yana ɗinke laimarsa da ta yage. Bai ɗago ba.

"Yaya Ambu, ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Kwamared."

"A cikin gida ma Kwamared?"

"Da maganar kwamiti ka zo. Da ayaba ka zo, da na ce Purushu."

"Kwamiti ya zauna, ya amince."

"To ai magana ta ƙare. Kulkin 'yan sanda na sha a kan maganar kwamiti kana goye. Ba yau zan tsallake ta ba." Ya ciji zare ya tsinke. "Sai dai Ammini na tsakiyar kogi."

"Wace Ammini?" na ce.

Kawu ya yi tsaki. "Matar cikin littafi. Tun bazara take tsakiyar kogin nan, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Yaya Ambu, ranar da aka sa wa rumfa kwaɗo, Ammini ce za ta ba su shinkafa?"

"Ba za ta ba su ba," in ji Baba.

Na juya maganar Kawu ta kowace fuska, ban sami inda take yoyo ba. Na ce to.

Mu ukun mun san abin da ba a faɗa ba. In babu karatu, babu faifai mai yawo. Baba zai koma layi ya naɗa nasa da hannunsa, hannun da ya manta da ganye tun kafin a haife ni.

Ranar ƙarshe kafin a fara darasi, na tafi rumfa don in ga inda zan kafa allo. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Warin taba ya tare ni tun daga ƙofa. Goggo Janu, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"'Yar Ambu ce wannan? Can ba sa ba mutum abinci ne?"

"Dankali da kabeji, Goggo."

"Ga shi nan kuwa a fuskarki. Zauna nan, kar ki tare mana haske."

Baba ya hau kujerarsa ta kusa da taga, ya goge tabarau da gefen zanensa. Ya gan ni. Ya miƙa wa na kusa da shi faifansa, ya buɗe wani littafi mai kauri da bangonsa ya sha ɗinki.

A gida Baba mutum ne mai gajeruwar magana, muryarsa ba ta wuce baranda. A nan ta cika rumfa ba tare da ya ɗaga ta ba. Ba ya kwaikwayon muryar mace ko ta tsoho. Yana dai sanin inda zai ja, da inda zai tsaya har almakasai su tsaya tare da shi.

Ammini mai jirgin fito ce. Mijinta ya fita teku bai dawo ba. Wata rana kogi ya cika, wani baƙo ya zo da mayafi a ka ya ce ta ƙetarar da shi, ya tuɓe takalmansa kafin ya shiga jirgin. Suna kaiwa tsakiya, marubucin ya bar su a nan, ya koma ba da tarihin kowa da kowa a ƙauyen har da kakar mai shagon katako. Sai a ranar ya dawo kansu.

"Mijinta ne," in ji Nabisa, wata mace mai saurin hannu da ke zaune kusa da Goggo Janu. "Wa zai tuɓe wa jirgi takalmi in ba wanda ya san jirgin ba?"

"Mijin wa?" in ji Kelu, tsoho mai kunne ɗaya da ke ƙarshen layi. "Kifi ya cinye shi tun babi na farko."

"Kai da kunne ɗaya gare ka, rabin littafin ka ji."

"Rabin da na ji ya fi naki, ke da kike saurare da baki."

"Ku rufe mana baki, 'yan banza," in ji Goggo Janu. "Ambu, koma inda ruwa ya taɓa bakin jirgin."

"Na karanta wurin, Yaya Janu."

"Na sani. Daɗi ya yi mini."

Ya koma. Babu wanda ya yi ƙorafi. Na sha maimaita shafi a rayuwata, amma don in haddace shi kafin jarrabawa. Ban taɓa ganin an maimaita don wata tsohuwa ta ce ya yi mata daɗi ba.

Abu biyu na lura da su. Baba ba tsakiyar rumfa yake fuskanta ba, ya ɗan karkata zuwa bangon da ya raba ta da ofishin sakatare. Tagar ofishin kuma a buɗe take, duk da feshin ruwan da ke shiga ta nan.

Faifan ya iso gare ni, ya kusa cika. Ba ni da abin zubawa. Na miƙa shi gaba.

Da Baba ya rufe littafi, Kawu ya fito ya yi sanarwa. Ya yi bayani tsaf, kamar yadda ya yi mana a gida.

"Har da ni a jarrabawar?" in ji Goggo Janu.

"Har da kowa."

"In na ci a ba ni aikin me? Haƙorin ɗanɗana mangwaron ma babu."

Aka yi dariya. Nabisa ba ta yi ba. 'Ya'ya mata uku gare ta, da uwar miji a kwance, mijin kuma ya tafi ƙasar Larabawa saƙonsa ya ɗauke. Ita ce ta fara tambayata ko za a bukaci littafin rubutu.

Muka taho gida a laima ɗaya, ni da Baba. Mun wuce gonar kwakwa kafin ya yi magana.

"Can da kika je, me kika karanta?"

"Ka sani, Baba. Injina. Bututu. Nauyin ruwa."

"Ban da su."

"Babu lokaci."

"Duk shekarun nan, babu littafi ko ɗaya da ya sa abincinki ya huce?"

"Babu."

Ya gyara laimar ta fi rufe ni.

"Kin yi daidai," ya ce. "Abin da na aike ki ke nan."

Aka kafa allo inda kujerarsa take. Kujerar aka tura ta lungu aka ɗora mata buhun ganye. Na fara da lissafin kaso, sannan kogunan arewa da manyan biranen jihohi. Sun girmama ni. Malama suke kirana, har Goggo Janu. Amma labari kunne kaɗai yake nema, allo kuwa sai da ido, wani lokaci har da hannu. Duk wanda ya ɗago ya duba, naɗinsa ya tsaya. Kelu ya juya mini mataccen kunnensa ya ci gaba da aiki. Nabisa da wasu mata kaɗan ne suke binna da gaske, fensir a maƙale a gashi.

Baba na ƙarshen layi, tsakanin Kelu da ƙofa. Daga gaban allo ina ganinsa. Ganyen na yagewa a hannunsa, zaren na kufcewa. In ya naɗa ɗaya, Kelu ya naɗa biyar. Da yamma mai karɓa yakan ware marasa kyau gefe, kamar yadda yake yi wa kowa. Na Baba tsibin gefen ya fi na tsakiya. Mai karɓar yaro ne, ba ya iya kallonsa a ido.

Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. A gida yakan tsoma yatsunsa a ruwan ɗumi kafin ya iya damƙar shinkafa. Littafin kuwa bai mayar ɗakin karatu ba. Kullum yana cikin jakarsa, ƙarƙashin kwanon abinci. Ya kai shi, ya dawo da shi.

Ranar da abin ya faru, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano na ƙara har sai na ɗaga murya. Baba ya fita wanke kwanonsa a bakin rijiya, ya bar faifansa a ƙasa. Ina rubutu a allo na ji motsi a bayana. Na waiga. Nabisa ta tashi daga wurinta, ta juye ganye da tabar Baba a kan wani ƙyalle, ta zuba damƙi guda na bidinta a faifan, ta miƙa wa ta kusa da ita. Ta dawo ta zauna, ta ciro fensirinta.

"Ci gaba, Malama," ta ce. "Muna kogi na uku."

Na ci gaba. Idanu na kaina, faifai na tafiya ta ƙasa. Kafin Baba ya dawo ya zagaye rumfa, yana jiransa a mazauninsa, cike.

Ya tsaya a kansa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Na wane ne wannan?"

"Sunanka ne a bayansa," in ji Kelu.

"Ban yi karatu ba."

"Wa ya tambaye ka?"

Baba ya sa ƙafa ya tura faifan gaban Kelu. Kelu ya ƙara wasu a kai, ya miƙa gaba. Ya sake zagayawa. Da ya dawo, ya yi tozo har yana zuba. Ni kuma na daina magana, tun da babu mai ji. Shirun ne ya fito da Kawu daga ofis.

Ya dubi faifan, ya dubi allo.

"Wa ya fara wannan?"

"Faifai ba ya faɗin wanda ya fara," in ji Goggo Janu.

"Kwamiti ya yanke hukunci a kan wannan lokacin."

"A kan lokaci ya yanke. Bidina nawa ne, Purushu. Ni na naɗa, inda na ga dama nan zan zuba. Kar ka zaro mini ido, ni na share maka majina a rumfar nan."

Kawu ya haɗiye wannan. Ya sassauta murya.

"Na gane. Kuna ganin wahalar da yake sha. Ni ma ina gani, surukina ne. In tausayinsa kuke ji, ƙungiya ba ta yar da tsofaffinta. Za a duba masa wani abu."

Gara da ya zage shi. Baba ya miƙe tsaye sosai, har na ga tsawon da na manta yana da shi.

"Ni ba na cin sadaka," ya ce. Ba da Kawu yake ba, da rumfa yake. "Wannan faifan ladan murya ne. In tausayi ne ya cika shi, kowa ya zo ya kwashe nasa."

"Tausayin wa?" in ji Nabisa. "Kai Baba Ambu, ka ji mutum! Ka bar mace a tsakiyar kogi da baƙo, ka zo ka zauna kana ɓata wa ƙungiya ganye. Mu ne abin tausayi. Jiya shinkafa ta ƙone mini ina tunanin takalman nan."

"Naɗinka kuwa ko akuya ba za ta sha ba," in ji Kelu.

"Akuya na shan taba a gidanku?" in ji Goggo Janu.

"Nabisa," in ji Kawu. "Ke? Ke da kika fi kowa bukatar takardar nan?"

"Ina bukatarta, Kwamared. Ba sai ka tuna mini ba, 'ya'yana na tuna mini kullum. In Malama ta yarda, zan je gidansu ranar Lahadi, in yini a kan lissafi har kaina ya fashe. Amma ka ji. Tun asuba nake yin abin da zai amfani wani. Ruwan wankan tsohuwa, abincin yara, bidin ƙungiya. Yanzu ga takarda, ita ma don su. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai ba ya amfanar kowa. Ka bar mini shi."

Wata daga baya ta ce ita dai da a ci gaba da darasin, Lahadi ba ta da sarari. Ba a yi mata ihu ba. Gaskiyarta ce ita ma.

Kawu ya juyo gare ni.

"Injiniya, gaya musu. Ke kin ga yadda ƙasa sukutum take faɗowa a kan mutane suna zaune."

Na gani. Na ga malamaina a bakin titi cikin ƙanƙara, suna sayar da cokulan gidansu.

"Gaskiya Kawu ya faɗa," na ce. "Rumfar nan ba za ta daɗe ba. Duk mai son takarda, barandarmu na nan ranar Lahadi. Wadda Lahadi ba ta yi mata ba, ta faɗi ranar da ta yi mata, zan je gidanta."

Na ajiye alli. Na bi layi har ƙarshe, na zauna a mazaunin Baba, na jawo ƙyallen da aka juye kayansa. Mahaifiyata a gida take naɗi, na kuma kalle ta iya kallo ta saman littafin makaranta. Na ɗauki ganye, na zuba taba, na murza, na ɗaure. Ya fito a karkace, ciki ya kumbura, wutsiya a buɗe.

Kelu ya leƙo. "Wannan aka koyo a Mosko?"

"Shi ya sa ƙasar ta rushe," in ji Goggo Janu.

Na ɗora shi a kan tozon faifan.

Baba ya dube ni. Na ga haɓarsa ta fara ɗagawa wajen hanyar gida, irin ta da. Ta tsaya a rabi. Sannan ya juya, ya sauke buhun ganye daga kan kujerarsa, ya ja ta gaban allo. Ya dubi Kawu.

"Kwamared, ka rubuta cewa na tsallake maganar kwamiti. An riga an biya ni."

Kawu ya shiga ofis, ya buga tagar da ƙarfi har allo ya girgiza.

Baba ya ciro littafin daga ƙarƙashin kwanon abinci, ya goge tabarau.

"Ina muka tsaya?"

"Takalmi!" in ji rumfa gaba ɗaya.

Ya fara. Ruwa na dukan kwano, muryarsa ta bi ta ƙarƙashinsa ta kai har ƙofa inda nake. Almakasai suka koma aiki. Na naɗa na biyu, ya yage. Na uku na manta da shi a hannuna, don baƙon ya buɗe baki zai yi magana, Baba kuma ya zaɓi nan ya tsaya ya sha ruwa.

"Allah ya isa, Baba Ambu," in ji Nabisa.

Har yanzu a karkace yake zaune, yana fuskantar bangon ofis. Kafin jirgin Ammini ya taɓa gaɓa, na duba tagar. Ta buɗe kamar faɗin tafin hannu.

Da yamma mai karɓa ya zazzage faifan, ya ware guda ɗaya gefe. Nawa ne.

A gida Baba ya ajiye littafin a kan tebur, bai kai shi saman kabad ba. Ya wuce wanka. Da ya fito ya same ni da shi a hannu, kunun shinkafata ya yi fata a kwano.

"Daga farko za ki fara," ya ce. "In kuma kin wuce mu, ki riƙe bakinki."

Darasi ya koma baranda. Mata kaɗan ne suka riƙa zuwa, wasu suka bari a hanya. Nabisa ta faɗi a karon farko, ta ci a na biyu, aka ɗauke ta a masana'anta. Wasu da za su iya ci da an ci gaba a rumfa ba su taɓa zama jarrabawar ba, na san sunayensu. Kawu bai yi mini magana ba sai a bikin girbi na Onam, shi ma don ya ce in miƙo masa ayaba. Daga baya ofishin ruwa ya kira ni.

Rumfar ta rufe bayan 'yan shekaru, kamar yadda Kawu ya faɗa. Har ranar da aka sa mata kwaɗo Baba na kan kujerarsa, faifansa bai taɓa dawowa wayam ba. In an tambaye ni a wurin aiki 'yar wane ce ni, nakan ce 'yar Ambu mai karatu. A Kannur ba a ƙara tambaya.

Baƙon kuwa ba mijin Ammini ba ne. Wani mai sayar da gishiri ne da takalminsa ke matsa masa. Nabisa ba ta yafe wa marubucin ba har yau.